Faifan da Sallau Ya Goge

An yi wani mutum a wani gari, ba sai na kama sunan garin ba, a shekarun da kwamfuta ta fara shiga gidajen mutane, kowa yana ɗokinta amma kaɗan ne suka san kanta. Sunansa Sallau. Wani bawan Allah ne wanda in kuka haɗu a hanya ba za ka waiwaya ka sake kallonsa ba. Siriri, mai sanyin murya, ba ya da hayaniya. Sana'arsa buga takardu. A zauren gidansa yake da tebur da tsohuwar kwamfuta, yana buga wa mutane katin ɗaurin aure da takardar neman aiki. Bai yi makarantar gyaran kwamfuta ba, yawan taɓawa ne ya koya masa. Sai ya zama duk wanda tasa ta ƙi tashi, ko ta riƙa nauyi, ko cutar nan da ake kira bairos ta shiga, sai a ce, a kai wa Sallau.

To, ku saurara.

A unguwar akwai wani tsohon soja, Manjo Haladu, wanda ya yi ritaya. Kowa tsoronsa yake ji. An san ranar da wani direba ya goge masa mota, aka ɗauki direban aka kai shi bariki, sai bayan kwana uku ya fito yana ɗingishi. In ya nufo majalisa, hira ta ƙare. Kuma tun da 'yarsa Suwaiba ta rasu a hatsarin mota, ita kaɗai ce Allah ya ba shi, ta bar jaririya, sai mutumin ya ƙara zama abin tsoro. Ba ya dariya, ba ya amsa gaisuwa sai da kai.

Wata safiya Sallau yana zaune yana aiki, sai hasken ƙofa ya dushe. Ya ɗaga kai, ya ga Manjo tsaye. Ya miƙe da sauri har kujera ta faɗi.

"Ranka ya daɗe, barka da asuba."

Manjo ya matso gaban tebur. Ya sa hannu a aljihu ya fito da wani abu naɗe a farin hankici, ya warware a kan tebur. Faifan ajiya ne, irin ɗan baƙin akwatin nan da bai wuce tafin hannu ba, wanda ake jona wa kwamfuta da waya a zuba hotuna da takardu a ciki.

Ya ce, "Kai ne Sallau?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Duk abin da ya rage mini na Suwaiba yana cikin nan. Hotunanta tun tana rarrafe. Bidiyon saukar karatunta. Muryarta. Wayarta ta ƙone a motar, kwamfutar da muka fara ajiyewa ta lalace tuntuni. Babu su a wani wuri. Jiya na jona shi da sabuwar kwamfutata, manhajar kashe bairos ta yi ta ƙara, ta nuna ja, na danna abin da ta ce in danna. Da na buɗe, wayam. Babu komai."

Ya kalli faifan. Sannan ya ce, "Yarinyar da ta bari ta shekara huɗu. Ta fara tambaya wace ce uwarta. An ce mini bairos ta cinye komai, in haƙura. Na ce bari in kawo maka ka duba tukuna. Gobe da la'asar zan dawo."

Ya juya zai fita, ya tsaya a bakin ƙofa. "Sallau, wannan abin ba a wasa da shi."

Sallau ya ce, "In Allah ya yarda, ranka ya daɗe."

Bayan Manjo ya tafi, Sallau ya zauna ya yi bisimilla. Ya fara sabunta manhajar kashe bairos ta kwamfutarsa, sannan ya jona faifan, ya sa ta bincika shi tun daga farko har ƙarshe. Ta kama ragowar cutar, ta killace. Ya buɗe faifan: babu komai, kamar yadda Manjo ya faɗa. Amma sai ya duba nauyin abin da ke ciki, ya ga faifan ya kusa cika. Fanko a ido, cike a ma'auni. Nan ya gane. Ya taɓa haɗuwa da irin wannan cutar. Ba ta cin kaya, ɓoye su take yi, ta ajiye na bogi a madadinsu. Manhajar Manjo ta share na bogin, na gaskiyar suna nan a ɓoye.

Ya shiga inda ake umartar kwamfuta ta nuna abin da aka ɓoye, ya danna. Jama'a, sai ga su. Folda bayan folda. Suwaiba a firamare. Suwaiba ranar Sallah. Saukar Suwaiba. Ya buɗe hoto ɗaya kawai don ya tabbatar, ya ga yarinya da farin hijabi tana riƙe da allo tana murmushi, ga Manjo a bayanta, shi ma yana dariya. Sallau bai taɓa ganin haƙoran mutumin nan ba sai ranar. Ya rufe da sauri, don ba hurumin idonsa ba ne. Ya ce, "Alhamdu lillahi."

To, nan ne fa. Ku buɗe kunnuwanku.

Sai ya ce a ransa, abu mai daraja irin wannan bai kamata ya zauna a wuri ɗaya ba. Bari in kwafa a wani faifan, in ba shi biyu. Yana da wani tsohon faifai nasa a aljihun tebur. Ya ɗauko ya jona. Ya ce, wannan nawa ya shiga kwamfutoci da yawa, bari in goge shi tas kafin in zuba, kada in mayar da cuta inda na cire ta. Niyya mai kyau, ko ba haka ba? Faifai biyu a jone, duka baƙaƙe, kwamfuta ta ba kowanne harafinsa, ɗaya a saman ɗaya.

Ana cikin haka wani ya yi sallama a ƙofa, yana tambayar katin ɗaurin aurensa. Sallau ya juya kai yana cewa, "Yana nan, ɗan dakata," hannunsa kuma yana kan aiki. Kwamfuta ta yi gargaɗi, ta ce duk abin da ke cikin wannan faifan zai goge, ka tabbata? Ya danna, na tabbata. Bai karanta harafin ba.

Ya tashi ya ba mai kati katinsa, suka yi sallama, ya dawo ya zauna. Ya buɗe nasa faifan don ya fara zubawa, sai ya ga tsofaffin takardunsa suna nan, ko ɗaya bai taɓu ba.

Jikinsa ya yi sanyi tun daga tsakiyar kai har tafin ƙafa.

Ya buɗe na Manjo. Wayam. Ya duba nauyi. Wayam. Ya ce a nuna abin da aka ɓoye. Babu. Wannan karon ba ɓuya ba ce. An goge, kuma yatsansa ne ya goge.

Ya zauna yana kallon kwamfutar, gumi yana bin bayansa, kunnuwansa suna ƙara. Abu ɗaya ya iya yi da hankali: ya zare faifan, ya naɗe shi a hankicin, bai ƙara taɓa shi ba. Aka kira azahar, ya je masallaci, amma ku tambaye shi raka'a nawa aka yi, bai sani ba.

Da ya shiga gida, matarsa Ladidi ta kawo abinci. Ya kalli kwanon kawai. Ta ce, "Malam, lafiya? Fuskarka ta canza."

Ya gaya mata komai. Ta dafe ƙirji ta zauna a ƙasa.

"Manjo? Manjo Haladu? Wayyo Allah, mun shiga uku."

Can ta matso kusa, ta rage murya. "Malam, wa ya san ka gan su?"

"Babu kowa."

"Mai katin nan ya gani?"

"Bai shigo ba ma."

"To shi da bakinsa ya ce maka an gaya masa bairos ta cinye. Fanko ya kawo maka, fanko za ka mayar masa. Ka ce ka duba, ba a dace ba. Ai ba zai yi mamaki ba. Malam, ka dubi yaran nan. In aka ɗauke ka, wa muke da shi?"

Kada ku zagi matar nan, jama'a. Ba muguwa ba ce, tsoro ne ya yi magana da bakinta. Kuma abin da ta faɗa, Shaiɗan ya riga ya faɗa wa Sallau tun a zaure, da lafazi mafi daɗi. Ya ce masa, ai ba ƙarya ce sosai ba, bairos ɗin ta shiga da gaske. Ya ce masa, in ka faɗa, ciwo biyu za ka ji masa: rashin hotunan, da sanin cewa suna nan har jiya. Ka tausaya masa, ka yi shiru. Kun ji yadda yake zuwa? Ba ya ce maka ka yi mugunta. Cewa yake ka yi tausayi.

Sallau ya ture kwanon gefe. Sannan ya ce, "Ladidi, na ga fuskar yarinyar nan. Na gan ta da idona. Ta yaya zan tsaya gaban ubanta in ce ban ga komai ba? Kin ce babu wanda ya sani. Wanda ya fi Manjo ya sani."

Ta fashe da kuka. Shi ma idonsa ya cika. Kada ku ɗauka jarumi ne. Wallahi tsoro yake ji. Duk motar da ta tsaya a layin, sai gabansa ya faɗi. Yinin nan bai sa komai a bakinsa ba.

Washegari bai jira la'asar ba. Ya san in ya jira, zuciyarsa za ta sake ba shi shawara. Da hantsi ya sa rigarsa, ya ce wa Ladidi, "In azahar ta yi ban dawo ba, ki aika wa Yaya Mudi," wato wansa. Ya ɗauki faifan ya nufi gidan Manjo. Sau biyu yana kaiwa ƙofar yana wucewa kamar mai zuwa wani wuri. A na uku ya ƙwanƙwasa.

Ya tarar da Manjo a kan kujera a ƙarƙashin bishiyar mangwaro. Sallau ya durƙusa nesa kaɗan, ya ajiye faifan a kan tabarma.

Manjo ya ce, "Na ce la'asar."

"Haka ne, ranka ya daɗe."

"An samu?"

Ga ƙofa nan a buɗe, jama'a. Kalma huɗu kawai: ba a dace ba. Shi ke nan, ya tashi ya koma gida lafiya.

Sallau ya ce, "Ranka ya daɗe, bairos ba ta ci komai ba. Ɓoye su ta yi. Na fito da su, na gan su duka, suna nan lafiya. Sai na ce bari in kwafa maka a wani faifan. Garin goge nawa, na goge naka. Kwamfuta ta gargaɗe ni, ban karanta ba. Ba laifin cuta ba ne, ba laifin manhaja ba ne. Ni ne."

Sallau yana kallon ƙasa, yana ganin takalmin Manjo kawai. Ya ji kujera ta yi ƙara. Takalmin ya matso, ya tsaya dab da gwiwarsa.

"Maimaita."

Ya maimaita.

"Ka gan ta?"

"Hoto ɗaya na buɗe, ranka ya daɗe. Tana riƙe da allo. Kana bayanta."

Ya ji numfashin mutumin yana fita da ƙarfi a saman kansa. Ya runtse ido yana jiran saukar hannu. Sai ya ƙara da cewa, "Ban zuba komai a kai ba tun lokacin. Na ji an ce akwai wani injiniya a birni da ke iya dawo da irin wannan, in ba a rubuta wani abu a kai ba. Ban tabbatar ba. Ni dai ilimina bai kai nan ba."

Manjo ya juya. Ya shiga cikin gida. Sallau yana nan durƙushe, bai iya gudu ba, bai iya tashi ba. Can Manjo ya fito da makullin mota a hannu.

"Shiga."

Ya shiga. Mota ta tashi. Kuma hanyar fita garin, jama'a, ta gaban bariki take bi. Sallau ya hango ƙofar, ga sojoji biyu da bindigogi. Ya ji motar tana rage gudu. Ya fara kalmar shahada a zuciyarsa, yana tuna yaransa ɗaya bayan ɗaya. Motar ta rage, ta rage, ta hau tudun nan da ake yi a titi don rage gudu, ta sauka, ta wuce.

Sai da suka yi nisa Manjo ya ce, ba tare da ya kalle shi ba, "A ina injiniyan yake?"

Suka sami mutumin a wani ɗan shago a bayan kasuwar waya, ana ce masa Injiniya Lurwanu. Kafin ya taɓa faifan ya ce, "Ku gaya mini ainihin abin da ya same shi. Mutane suna zuwa su ce bairos ce, alhali faɗuwa ya yi ko goge shi aka yi, in yi ta nema inda ba nan ba, wani lokaci garin nema in ƙarasa lalata shi."

Sallau ya sake faɗin laifinsa, karo na uku, a gaban baƙo.

Lurwanu ya ce, "Gogewar sauri ka yi, ko mai ɗaukar lokaci?"

"Ta sauri. Ko minti ɗaya ba ta kai ba."

"An zuba wani abu bayan nan?"

"Ko ɗaya."

"To da sauran fata. Irin wannan gogewar, kamar a yage shafin farko na littafi ne, inda aka jera sunayen babi. Rubutun yana nan, sai dai a bi shi shafi shafi. Amma ban yi muku alkawari ba. Ku ba ni kwana uku."

Kwana ukun nan, Sallau ya ce bai taɓa ganin masu tsawo irinsu ba. Manjo bai neme shi ba, bai aiko ba. Unguwa ta ɗauka, ana nuna zaurensa da baki. Wasu suka ce wauta ce ta sa ya faɗa. Wani ma ya ba shi shawara ya kwashe iyalinsa ya tafi ƙauye kafin sakamako ya fito. Bai tafi ba. Ya ce, "In na gudu, na bar shi da ciwo biyu."

Rana ta huɗu da safe motar Manjo ta tsaya a ƙofar zaure. Ladidi tana leƙe ta bayan labule, hannu a ka. Suka koma birni.

Lurwanu ya ce, "Yallaɓai, ba duka suka dawo ba. Kashi uku cikin huɗu na samu. Sunayensu sun ɓace, sai lambobi. Na bikin aurenta sun lalace, ba sa buɗewa, kuma ba za su buɗe ba."

Sallau ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Manjo ya ce, "Saukar fa?"

Lurwanu ya buɗe wannan, ba shi ba. Ya buɗe wancan, ba shi ba. A na biyar, sai murya ta cika shagon. Muryar yarinya, siririya, tana karatu a hankali, tana jan numfashi a ƙarshen kowace aya.

Manjo ya dafa bango. Mutumin da gari yake tsoro ya zauna a kan wani kwali, ya rufe fuska da hularsa, kafaɗunsa suna girgiza. Babu wanda ya motsa har karatun ya ƙare.

A hanyar dawowa Manjo ya tsayar da mota a gefen titi. Ya ce, "Sallau, ka san da ka ce mini bairos ce, da na yarda?"

"Na sani, ranka ya daɗe."

"Na riga na yanke, in ka ce babu, zan jefa shi a masai, don kada in riƙa ganinsa. To me ya sa ka faɗa? Ba ka ji tsorona ba?"

"Na ji, ranka ya daɗe. Har yanzu ma ina ji. Amma in na tsere maka, akwai inda za a tsayar da ni, kuma can babu wurin gudu."

Manjo ya juyo ya kalle shi. Sannan ya ce, "Na aurenta sun tafi, kuma kai ka tafi da su. Ba zan ce bai yi mini ciwo ba. Amma na yafe maka, duniya da lahira." Ya tayar da mota.

Sallau bai zama mai kuɗi ba, jama'a, kada ku jira in ce an ba shi gida ko kujerar Makka. Ya koma zaurensa yana buga takardu. Kuma har ya tsufa, in aka ambaci hotunan bikin nan sai ya sunkuyar da kai, don ya san akwai abin da hannunsa ya ɓatar wanda ba zai dawo ba.

To, abin da nake so ku riƙe ke nan. Amana ba ta tsaya ga kada ka ci abin da aka ba ka ajiya ba. Amana har da faɗin gaskiya ranar da abin ya lalace a hannunka. Kuma kada wani ya ce don hotunan sun dawo ne gaskiyarsa ta yi kyau. A'a. Lokacin da ya durƙusa a gaban Manjo bai san za su dawo ba. Ko da ko ɗaya bai dawo ba, abin da ya yi shi ne daidai.

Yanzu mu dawo kanmu. Kai makanike, da ka karya abu a cikin injin mutane, me ka ce wa mai motar? Ka ce dama can a karye yake. Kai tela, da almakashinka ya zarce, ka ce yadin ne bai kai ba. Ke da kika fasa kwanon aro, kika ce yara ne. Kai mai gyaran waya, kai ma'aikacin ofis da takardar bawan Allah ta ɓata a teburinka, ka ce ba a kawo ba. Kowannenmu yana da abin da yake jingina wa laifinsa, kuma mun fi son wanda ba shi da bakin musu.

Tsoro ba laifi ba ne. Sallau ya ji tsoro fiye da yadda yawancinmu muka taɓa ji. Abin tambaya shi ne, in tsoro biyu suka haɗu a ƙirjinka, na mutum da na Ubangijin mutum, wanne kake bari ya yi magana? Kafin ranar nan ta faɗi, in akwai wanda ka ɓata wa abu ka ɗora wa wani, tashi ka je ka same shi. Ka je ko da ƙafarka tana rawa, ka ce masa, ni ne.

Allah ya ba mu ikon faɗin gaskiya ko da a kan kanmu ne, ya rufa mana asiri ranar da babu abin da zai ɓoyu.